Yadda za ku riƙe lissafin ƙungiya a fili da wayar hannu

Lokacin da famfon burtsatsen unguwarmu ya ƙone muka yi karo-karo, wallahi ba wanda ya ci ko sisi amma sai da zumunci ya kusa lalacewa, saboda lissafin gaba ɗaya yana cikin gurup ɗin WhatsApp, wannan ya turo hoton alat, wancan ya turo barka da Juma'a, wani ya saka bidiyon wa'azi, kafin sati biyu ma'aji da kansa ya rasa wa ya biya wa bai biya ba. Daga nan muka canza tsari, ga yadda muke yi yanzu.

Farko ku buɗe Gmail da sunan ƙungiya, ba na shugaba ko sakatare ba, don ranar da aka yi zaɓe aka canza shugabanni kada takardu su bi mutum gida. Kyauta ne kuma akwai wurin ajiya har 15GB a Google Drive, ya ishe ku shekaru. Mutum biyu su riƙe fasuwod ɗin.

Sai ku buɗe Google Sheets, wato manhajar Google ta rubuta lissafi a jadawali, shafi ɗaya na kuɗin da ya shigo, ɗaya na wanda ya fita. Kowane layi da kwanan wata, suna, nawa ne, da dalili. Duk abin da aka saya, ko siminti buhu ɗaya ne ko kuɗin mai keken da ya ɗauko bututu, a ɗauki hoton rasit a jefa cikin folda a Google Drive, in mai shago bai da rasit ya rubuta a takarda ya sa hannu.

Wurin raba linkin lissafin ne mutane ke kuskure. Jama'a a ba su izinin kallo kawai, masu gyara kada su wuce uku: ma'aji, sakataren kuɗi, sai mutum na uku wanda ba ya taɓa kuɗi kwata-kwata. Amfanin na ukun nan shi ne Sheets yana ajiye tarihin duk wani gyara, wa ya canza, yaushe, me ke wurin a da, amma mai izinin gyara ne kaɗai ke iya buɗe tarihin, mai kallo ba zai gani ba. To in ma'aji da sakatare ne kaɗai ke gani ai an koma gidan jiya. Mu wani malamin firamare muka ɗora, duk ƙarshen wata ya buɗe a kwamfuta ya duba, a waya ba ya fitowa yadda ya kamata.

Linkin ku saka shi a bayanin gurup ɗin can sama, don saƙon da aka maƙale (pin) a saman hira iyakarsa kwana 30 ya sauka. In za a yanke shawara, misali a gyara tsohon famfo ko a sayi na sola, ku yi amfani da ƙuri'ar WhatsApp, tun 2022 akwai ta kuma ana ganin wanda ya zaɓi me, sai sakatare ya kwafe sakamakon cikin Google Docs, manhajar rubuta takardu, da kwanan wata. 'Yan unguwa da ke Legas ko Saudiyya kuma Google Meet, manhajar taro ta bidiyo, ya ishe su, na kyauta minti 60 ne in kun kai uku, gaskiya hakan ma taimako ne don yana sa a tafi kai tsaye kan magana.

Abu ɗaya da nake roƙo, buɗe lissafi ba tonon asiri ba ne. Kada a saka lambar waya ko lambar asusun kowa a shafin. Wanda ya ce sadaka ya yi ba ya son a sani, a rubuta "wani bawan Allah" da adadin. Kuma don Allah kada a yi shafin waɗanda ba su biya ba, akwai gidan marayu, akwai wanda ko na cefane bai da shi.

Dattawanmu da yawa ƙaramar waya suke riƙewa, iyayenmu mata da dama ma ba sa cikin gurup ɗin. Don haka duk wata muna buga shafin a shagon kwamfuta mu manna a ƙofar masallaci, a kai ɗaya islamiyyar matan aure, sakatare kuma ya karanta jimillar da murya ya tura, minti biyu ya gama.