Yawon ɗanɗane a Kawagoe: shawara ga sababbin zuwa Japan

Duk wanda ya sauka Japan daga gida, ko karatu ya kawo shi ko aiki, na san yadda watanninsa na farko suke wajen abinci. Shinkafa da ƙwai, burodi da shayi, sai ɗan yajin da aka ƙullo masa a leda. Zai shiga kanti ya ɗauki kwali ya yi ta juyawa, rubutun ya gagare shi, ya mayar ya fito da ayaba. Ni ma kusan rabin shekara na yi a haka. Abin da ya kwance mini wannan ƙulli yini ɗaya ne da na yi a garin Kawagoe, ina bin wata dattijuwa 'yar jagora daga wannan shago zuwa wancan, muna ɗanɗana abin da garin ya shahara da shi. Tun daga nan, duk sabon zuwan da ya nemi shawarata sai na ce masa ya yi irin wannan yawo tun da wuri, amma ya shirya masa kafin ya biya kuɗi.

Yadda abin yake, za a haɗa ku mutum kaɗan da ɗan gari wanda ya san masu shaguna, ku yi awa biyu ko uku a ƙafa. Kowane wuri aka tsaya a ba ku loma ɗaya ko kurɓi ɗaya, a faɗa muku sunansa da abin da aka yi shi da shi. Wannan bayanin shi ne ribar tafiyar a gare mu. Abin da za ka yi wata uku kana tsoron tambaya a kanti, a nan akwai wanda aikinsa ke nan ya ba ka amsa, in bai sani ba ya juya ya tambayi mai shago da harshensu.

Kawagoe tana jihar Saitama, tafiyar kamar minti 30 a jirgin ƙasa daga tashar Ikebukuro ta Tokiyo in ka bi layin Tobu Tojo. Wanda ya bi layin Seibu Shinjuku zai sauka a Hon-Kawagoe, kuma ita ta fi kusa da tsohon gari. Ana yi wa garin laƙabi da Koedo, wato ƙaramar Edo, domin Edo shi ne sunan Tokiyo kafin 1868, kuma a zamanin da ta kogin Shingashi fataken Kawagoe suke kai kaya can a jiragen ruwa. A 1893 gobara ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na garin. Da wuta ta mutu sai attajirai suka lura cewa gidajen da aka gina kamar sito, masu kaurin yaɓe da ƙofofi masu nauyi, su ne suka tsira, ciki har da gidan iyalin Osawa da aka gina tun 1792. Sai suka sake gina shagunansu a kan wannan fasali da suke kira kurazukuri. Su ne baƙaƙen gine-ginen da za ku gani jere a titin Ichibangai. In kun iso, ku tsaya ku dubi murfin tagogin bene. An yi bakinsu hawa-hawa kamar ƙofar akwatin ajiyar kuɗi, yadda in an rufe wuta ba ta samun ta inda za ta kutsa.

Abin da zai fara sanyaya ran Bahaushe a garin nan dankali ne, dankalinmu na Hausa, wanda suke kira satsumaimo ko imo a taƙaice. Kawagoe ta yi suna da shi tun zamanin Edo, har masu gasa shi a can suka yi masa kirari da wasan lissafi: kuri yori umai jusanri. Kuri wata ƙwaya ce mai ɓawo da suke gasawa, amma a kunne kalmar tana kama da "ri tara", yori kuma yana kama da "ri huɗu", ri kuwa ma'aunin nisa ne nasu na da. Tara da huɗu sha uku, kuma ana cewa nisan Kawagoe daga Edo kamar ri 13 ne, kowane ri kusan kilomita 4. Ma'anar kirarin, na ri sha uku ya fi kuri daɗi. Shi ya sa ma suka keɓe ranar 13 ga Oktoba ta zama ranar dankali.

Za a ba ku shi gasasshe, wato yakiimo, wanda ba a sa masa komai ba, cikinsa ja-ja yana naso kamar an zuba zuma. Za a ba ku shi an yanka fale-fale da tsayi an soya ya yi ƙaras-ƙaras. Akwai kuma wanda ake ɗora yankan dankalin a kan jan wake da aka dafa da sukari, a naɗe da ƙulli mai danƙo a turara, a miƙo maka yana tururi. Wake da sukari zai zo wa bakinmu baƙo a karon farko, mu da muka saba da shi a ƙosai da alale. Ku daure ku ci na biyu. Wannan waken, anko, shi ne cikin yawancin kayan zaƙinsu na gargajiya, kuma da yawa daga cikinsu da kanten ake daskarar da su, wanda daga ciyawar teku ake samunsa. Wanda ya gane wannan ya samu abin da zai riƙa saye duk inda ya je a ƙasar, in dai ya ci gaba da duba abin da aka rubuta a bayan leda.

Daga nan yawanci sai Kashiya Yokocho, lungun masu alewa. Bayan girgizar ƙasar 1923 ta rusa Tokiyo, masu alewar wannan lungu ne suka riƙa cike gurbi, har shagunan suka haura 70 a lokacin. Yanzu sun ragu sosai, amma ƙamshin narkakken sukari da kirfa yana nan. Za ku ga yara riƙe da wata doguwar sanda mai launin ƙasa, kusan mita ɗaya. Fugashi ke nan, na alkama ne da aka shafe da baƙin sukari, ba shi da nauyi ko kaɗan.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnenku sosai, 'yan'uwa. Yawancin irin wannan yawo an tsara shi ne da kurɓar barasa a ciki. Japanawa suna alfahari da sake, giyarsu ta shinkafa, kuma a Kawagoe akwai tsohon gidan dafa ta da aka mayar wurin baƙi mai suna Koedo Kurari, inda ake ɗanɗana ta kala-kala. Har da dankalin nan ana yin giya da shi a garin, don haka ganin hotonsa a jikin kwalba ba ya nufin lemo ne. Kada ka bari sai an miƙo maka kofi a gaban mutane sannan ka fara neman abin faɗa. Tun lokacin da kake neman wuri, rubuta wa masu shirya tafiyar cewa ba ka shan barasa kuma ba ka cin alade, ka tambaye su ko za su iya musanya maka da wani abu. Japanawa mutane ne masu son a gaya musu abu da wuri. In ka yi haka za ka ga an bi shago-shago an tambayo maka kafin ka zo. In kuwa suka ce ba za su iya ba, ka gode musu ka nemi wani, ko ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku ɗauki jagora naku na kanku. Jimlar da za ta yi muku aiki ita ce: "Shukyo no riyu de, butaniku to osake wa dame desu", wato saboda addini ba na cin alade, ba na shan barasa. Ƙin shan giya ba abin kunya ba ne a nan, domin da yawa daga cikinsu ma jikinsu ba ya ɗaukarta, da shayi suke ɗaga kofi tare da jama'a. Ɗan'uwan da addininsa bai hana shi sha ba, ya sani sai mai shekara 20 doka ta yarje wa, kuma laifi ne a hau ko keke bayan an sha.

Barasar da ake gani a kofi mai sauƙin kaucewa ce. Ta cikin miya ita ke buƙatar lura. Akwai mirin, ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda na ainihinsa yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma yana shiga miyoyi da yawa. Kawagoe ta shahara da unagi, wani dogon kifi mai siffar maciji da ake gasawa a gawayi, kuma romon da ake shafa masa da mirin ake haɗawa, galibi har da sake. Wanda yake son ɗanɗanawa ya tambayi shirayaki, wanda ake gasawa ba a shafa romon ba, ya kuma tambaya ko an yayyafa masa sake wajen gashi. Shi kansa shoyu, baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken suya da alkama da gishiri, tsima shi ake yi wata da watanni, kusan yadda muke barin kalwa ta kwana ta zama daddawa, sai dai nasu ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. A cikin tsimuwar ɗan barasa yana samuwa da kansa, wasu kamfanoni kuma suna ƙara masa don ya daɗe bai lalace ba. Malamai sun saɓa a kan irin wannan, kuma akwai shoyu mai shaidar halal a ƙasar. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da nake roƙonku shi ne kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi ya tsayar da matsayinsa tun a gida, domin tsakiyar titi da tsinken dango a hannu ba wurin yanke hukunci ba ne. Dangon Kawagoe, wato 'yan dunƙulen garin shinkafa da ake jerawa a tsinke kamar tsire, da shoyu ake shafa shi a gasa.

Ranar da na je sanyi ake yi sosai. Muka tsaya gaban wani ɗan shago, mai shagon tana kwasar wani farin abu mai kauri daga tukunya tana zubawa a ƙananan kofuna. Kamarsa ɗaya da kunun shinkafa, tururinsa yana dukan fuska, yatsuna kuwa sun ƙage. Har na miƙa hannu sai dattijuwar nan ta ɗaga tafinta a hankali ta tsayar da ni, ta juya ta tambayi mai shagon: kome-koji ne ko sake-kasu? Aka ce sake-kasu. Sai ta rusuna ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi, ta karɓo mini shayi mai zafi. A hanya ta bayyana mini cewa wannan abin sha, amazake, iri biyu ne, ɗaya da shinkafa da koji, wato ƙwayar da suke tsima shinkafa da ita, kawai ake yi, ɗayan kuma da tukar da ta rage bayan an tace giya, kuma yana iya ɗaukar ragowarta. Har yau in na ga amazake a lokacin sanyi, tambayar nan tata nake maimaitawa.

Batun alade ma yana da nasa tarkon. In ka ce ba ka cinsa, wani zai ɗauka yankan nama kake nufi, ba zai lissafa romo ko kitse ba. Ka ambace su da sunansu: ekisu, ruwan naman da aka tace, da rado, kitsen alade, da zerachin, sinadarin daskarar da abinci da ake samu daga fata da ƙashin dabba. A wannan yanki in an ce niku kawai, wato nama, sau da yawa alade ne, kamar a cikin nikuman, ɗan burodi mai nama a ciki da ake turarawa a bakin shaguna. Soyayyen niƙaƙƙen naman da suke kira menchi galibi gaurayen na sa da na alade ne. Yakitori a yawancin wurare tsiren kaza ne, amma a Higashimatsuyama, 'yan tashoshi kaɗan gaba da Kawagoe a layin Tobu Tojo, da naman alade ake yinsa kuma sunan bai canza ba. Ku haddace alamomi biyu, 豚 alade, 酒 barasa, ku ajiye hotonsu a waya. In kun ga 酒精 a jerin kayan haɗi, barasa ce aka ƙara.

Sauran ladubban ba su da wahala. Ku iso wurin haɗuwa minti goma kafin lokaci, domin in an ce ƙarfe goma to goma ɗin ne. Duk da sunan abin yawon ci ne, an fi so ka tsaya a gefen shagon da ka saya ka cinye, ka miƙa wa mai shi tsinken ko takardar. Kwandon shara yana da wuyar gani a titi, ku riƙe 'yar leda a jaka. Ku tafi da tsabar kuɗi don ƙananan shaguna. Ba a ba da na goro a ƙasar nan, in ka matsa za ka sa mutum cikin damuwa, "gochisosama deshita", wato na gode da abinci, bayan ci ta wadatar. Ichibangai kuma motoci da bas suna bi ta cikinsa, masu yara su riƙe hannunsu. In an biya da ku ta wurin bautarsu, kamar Hikawa ko Kita-in, kuna iya tsayawa gefe cikin natsuwa har su gama, ba wanda zai ce muku ku rusuna ko ku tafa.

Ku lissafa salla a cikin shirinku. A watan Disamba rana tana faɗuwa kusan ƙarfe huɗu da rabi, wato azahar da la'asar duk suna iya riskarku a cikin tsohon gari. Ni nakan fito da alwala da 'yar sallaya mai naɗewa, in gaya wa jagora tun da safe cewa zan buƙaci minti biyar a wuri mara cunkoso. Yawancin shagunan suna rufewa wajen ƙarfe biyar, saboda haka yawon safe ya fi. Sabon zuwa kuma ya kauce wa Asabar da Lahadi na uku na Oktoba in ɗanɗane ya kai shi, lokacin bikin garin ne, ba masaka tsinke.

A tsakiyar unguwar akwai hasumiyar katako mai tsayin kusan mita 16, Toki no Kane, wadda aka sake ginawa a 1894 bayan gobarar. Ƙararrawarta tana bugawa sau huɗu a yini: shida na safe, sha biyu, uku na yamma da shida. In kun fara da hantsi, ta sha biyu za ta same ku a kusa da ita. Ku roƙi jagoranku, kafin ku rabu, ya rubuta muku a takarda da rubutunsu sunayen abubuwan da kuka ci kuka samu natsuwa da su. Tawa takardar tana nan a aljihun jakata, ta yi laushi saboda naɗewa, kuma da ita na fara shiga kantin unguwarmu na fito da abin da ya wuce ayaba.