Yadda ake hango gansakuka mai guba kafin ta iso gaɓar teku

A gaɓar yammacin Amurka akwai wata ƙaramar gansakuka, Pseudo-nitzschia, wadda ido ba ya gani. Tana fitar da gubar domoyik asid, kawa da kaguwa su ci, mutum ya ci su. A 1987, a tsibirin Prince Edward na Kanada, gubar ta kashe mutum 3, fiye da 100 suka kwanta, wasu har suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abin da ya faru jiya. Ga yadda masu sa ido suke bin sawunta.

Da farko sai ka duba zafin teku tun watanni kafin lokacin kamu. Shekarun El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke dawowa bayan 'yan shekaru, ko duk lokacin da ruwan tekun ya yi ɗumi fiye da kima, su ne na zama cikin shiri. Daga ƙarshen 2013 wani makeken ɗumi ya mamaye arewa maso gabashin Fasifik, ya wuce yadda aka saba da fiye da digiri 2. Gansakukar ta jure yunwa a cikin ɗumin, ta bazu arewa.

Sai ka koma ga iska, nan ne gizo ke saƙar. Da bazara iskar arewa tana kore ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abinci, kamar ka zuba taki a gonar da ta sha rani. Gansakuka mai yunwa ta samu abin ci, nan da nan ta yi yawa. Idan guguwa ta biyo baya, ita ce ke turo ta bakin gaɓa. Haka aka yi a 2015, daga Kalifoniya har Alaska.

Da ka ga waɗannan alamu sun haɗu, ɗebi ruwa a kwalba kowane mako, a ƙirga ƙwayoyin a madubin likita. Kada launin ruwa ya yaudare ka. Yana iya zama garau alhali guba ta cika.

Daga nan sai gwajin naman kawa a ɗakin bincike. Idan gubar ta kai kashi 20 cikin miliyan, a rufe kamu. Wannan yana da ciwo: masuntan kaguwa a Kalifoniya, da suka saba fita a Nuwamba, sai ƙarshen Maris na 2016 aka buɗe musu. Amma dafuwa ba ta kashe wannan guba, sanyin firji ma haka, don haka a ci gaba da gwaji har sai sakamako ya sauka ƙasa da iyaka.