Babi na Shida: Duba Kwalin Magani Kafin a Biya Kuɗi

Darasi na 1: Juya kwalin

Kowa ya ɗauko kwalin maganin da ya zo da shi daga gida, ko na ciwon kai ne. Ku ajiye shi a gabanku.

Gefen da ke kallonku, mai manyan haruffa da hoto, shi ne gaba. Mai magani ne ya ƙawata shi don ya ja hankalin mai saye. Kada ku fara da shi. Ku juya kwalin. A baya ko a gefe, cikin ƙananan rubutu, ku nemi haruffa shida: N, A, F, D, A, C. Ku ɗora yatsa a kansu. NAFDAC hukuma ce ta gwamnatin tarayya mai kula da ingancin abinci da magunguna, an kafa ta a 1993. Doka ta hana sayar da maganin da NAFDAC ba ta yi wa rajista ba. Lambar rajistar tana nan dab da sunanta.

A nan ake yawan ruɗewa, don kwali cike yake da lambobi. Wadda ke bin EXP lokacin lalacewar maganin ce, ba ita muke nema ba yanzu. Ku ɗaga yatsa, ku mayar da kwalin gabansa, ku sake juyawa, ku sake nemo haruffan shida. Hajiya, ba a gaba ba, a baya. Yauwa, madalla! A sake. Wanda bai gani ba kada ya ji kunya, rubutun ƙanana ne, ya matsa kusa da taga ya juya kwalin a hankali.

Darasi na 2: Alƙawarin ƙarya

Doka ta hana tallar magani da cewa yana warkar da ciwon daji, ciwon suga ko hawan jini. Kwalbar da ta ce ita kaɗai maganin basir ce, da shawara, da sanyi, da taifot, ku ajiye ta.

Maganin gargajiya na kwalba ma yana samun lamba, sau da yawa da harafin L a ƙarshenta. Wannan yana nufin an duba ba ya cutarwa idan an sha yadda aka ce. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta.

Hukuma tana ƙwace magungunan da ke alƙawarin ƙarya, ta rufe shago, ta ƙona su. A 2024 an rufe shagunan masu sarin magani na Sabon Gari a Kano, aka ce su koma cibiyar Dangwauro a hanyar Zariya. To amma jami'i ba zai bi ku bakin kasuwa ba. Abin da ke ba ni takaici, a ce Alhaji mai jikoki ya ji mai tallar magani da lasifika a kan mota, ya miƙa kuɗi bai ko juya kwalbar ba, bayan duk abin da muka yi a aji. Haba! Me ya sa kuke zuwa makarantar?

Darasi na 3: Kankarewa

Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro suna da ɗan wuri mai ruwan azurfa. Ku kankare shi, ku tura lambar da ta fito ta saƙon waya zuwa lambar da ke jikin kwalin. Amsa za ta zo, ta gaya muku ko maganin na gaske ne ko jabu.

Darasi na 4: Aikin gida

Ku kwafi lambar NAFDAC ta kwalaye uku a littafinku, ku kawo ranar Asabar.