Yadda ake sauraron faifan death metal

Death metal salon kiɗan rock ne mai nauyi da sauri, na jita da ganga, mawaƙi na gurnani. Kada ka fara da lasifikar waya. Ba ta iya fitar da ƙasan sauti, sai ka ji kamar injin markaɗe. Nemi iyafis mai toshe kunne, ka tsayar da ƙara a kashi 60 cikin 100. In mai tura waƙoƙi a kasuwar Gusau zai sa maka, ka ce mai ingancin sauti na 320kbps kake so. Na 128kbps na dagula ƙarar faifan ƙarfen ganga.

Gwada faifan Altars of Madness na ƙungiyar Morbid Angel, wanda aka naɗa a Tampa, Amurka, ya fito a 1989.

Zagayen farko, bi ganga kaɗai. Makaɗin gangar, Pete Sandoval, na taka babbar ganga da ƙafa biyu, hannu na ruwan duka a sama. Wanda ya saba da kalangu zai gane inda kiɗan ke juyawa ba sallama. Daɗin yana nan. Zagaye na biyu, kama salon jita guda, ka ƙirga sau nawa ya dawo.

Gurnanin mawaƙin kuwa, ɗauke shi a matsayin kayan kiɗa. Baitocin cike suke da zancen shaiɗan, ka san da haka tun farko. Bayan waƙa uku, huta. Kunne na gajiya.