Darasi na Bakwai: Ado da Kunun Yumɓu a Kan Faranti da Kwano

Kunun yumɓu shi ne yumɓun da aka jiƙa, aka dama, aka tace har ya yi kauri kamar fenti. Da shi ake canza wa faranti launi, da shi kuma ake yi masa zane tun yana ɗanye, kafin ya ga wuta. A gina da jan yumɓu, a lulluɓe da farin kunu, a zana, a gasa, a rufe da ruwan gilashi, wato rufin da ke narkewa a wuta ya yi sheƙi, a sake gasawa. Aikin ke nan a taƙaice.

Sana'ar ta daɗe. A yankin Staffordshire na Ingila, wajen shekarun 1670, wani magini mai suna Thomas Toft ya yi manyan farantai masu wannan ado, yana rubuta sunansa a bakinsu da kunun, kuma suna nan a gidajen tarihi har yau. Wani maginin Ingila, Michael Cardew, ya farfaɗo da aikin a garin Winchcombe na ƙasar daga 1926. Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da gini ta Cardew a Abuja (Suleja ta yanzu) a 1954, takan tsoma kwano a kunu sannan ta karce zane a kai.

Yadda ake dama kunu

A fara da busasshen yumɓu, domin ya fi ɗanye saurin narkewa. A farfasa shi ƙanana, a auna kilo 1. A zuba ruwa kamar lita 1 a bokiti, sannan a barbaɗa yumɓun a kai. Ruwa ne farko, yumɓu na biye. In aka juya, sai ya dunƙule a ƙasa. A bar shi ya kwana. Da safe a tsiyaye ruwan da ya taso sama, a dama, a tace sau biyu da rariya mai ƙananan idanu, mai lamba 80.

Ana lissafa launi ne a kan nauyin busasshen yumɓu, ba a kan kunun ba. A kilo 1 na farin yumɓu, giram 50 zuwa 80 na garin tsatsar ƙarfe yana ba da ruwan ƙasa. Giram 20 zuwa 30 na garin oksayid na tagulla yana ba da kore. Kobalt kuwa, wani garin ma'adini mai ba da launi, ƙarfi gare shi: giram 10 ya isa ya ba da shuɗi, in an wuce 20 sai ya yi duhu sosai. Kada launin da ke cikin bokiti ya ruɗe ka, ba shi zai fito daga wuta ba. Sai an gasa gwaji a kan ɗan fallen yumɓu ake sanin gaskiyarsa.

Don gwada kauri, tsoma yatsa ka fitar. In fatarka ta ɓuya amma kana ganin siffar farce, ya yi daidai da zubawa. Na zane ya ɗan fi haka kauri. Ranar da ka dace da kaurin da kake so, auna nauyin kofi ɗaya nasa a sikeli ka rubuta, don ka iya maimaitawa.

Lokacin sa kunu

Nan ne yawancin masu koyo ke asarar kaya. Yumɓu yana tsukewa in yana bushewa, kunu ma haka. Dole su tsuke tare. Saboda haka ana sa kunu ne lokacin da faranti ya sha iska ya yi taurin fata: ka ɗauka bai lanƙwashe ba, ka danna farce ya shiga, ka taɓa ka ji sanyi, launinsa kuma bai fara yin haske ba.

In ka yi gaggawa ka zuba a kan mai laushi, ruwan kunun zai shige shi, bakin kwanon ya saki, wani lokaci ya zauna gaba ɗaya a gabanka. Hannun kofi shi ya fi saurin ɓallewa. A tokare shi da ɗan soso har ya sake ƙarfi. In kuma ka yi jinkiri har ya bushe, jikin ya riga ya gama tsukewa, kunun ne kaɗai zai tsuke. Sai ya tsattsage, ya ɓamɓare kamar tsohon fenti. Wani ma ba ya nuna kansa sai bayan gashi, ka ga bakin faranti yana zubar da ɓawo mai kaifi. Irin wannan ba ya gyaruwa.

Akwai wani dalilin ɓamɓarewa ko da lokaci ya yi daidai, wato in farin yumɓun kunun bai tsukewa kamar jan yumɓun jiki. Maganinsa a ƙara wa kunun farin yumɓu mai danƙo, a rage marar danƙo, a sake gwadawa.

Kwano mai son kunu ciki da waje, a yi cikin tukuna. A zuba, a jujjuya, a tsiyaye da sauri. A jira ya dawo taurin fata kafin a yi bayan.

Hanyoyin zane

Zanen tsiyaye ana yin sa da ƴar robar matsi mai siririn baki. Magina na zamanin da, ƙaho suke amfani da shi, da sandar gashin dinya a bakinsa. A cika robar fal, a girgiza kunun ya sauko baki, a fara matsawa a kan takarda. Iskar da ta maƙale a ciki ita ke yin tartsatsi ta ɓata zane. Bakin robar ba ya taɓa faranti, sama kaɗan yake tafiya, hannu kuma ba ya tsayawa. Inda ka tsaya, nan kunu zai taru ya yi gudaji. Layin da ya karkace a bar shi haka. Gogewa ta fi karkatar muni.

Jan gashi yana son shimfiɗa mai jiƙe. A zuba baƙin kunu a kan fallen yumɓu, nan take a jera fararen layuka a kai, a ɗan buga allon da fallen ke kai a ƙasa su kwanta, sannan a ja siririn bakin gashin tsuntsu a gicciye. Layukan za su ja juna su yi kamar fiffike. A goge gashin bayan kowane ja. Sai kunun ya daina sheƙi, fallen kuma yana lanƙwasuwa tukuna, ake kifa shi a kan mazubi ya ɗauki siffar faranti.

Karce shi ya fi sauƙi ga mai fara koyo. A bar kunun ya yi taurin fata, a karce da tsinke mai dakusasshen baki har jan jikin ya bayyana. Ɓarɓashin da ya taso a gefen layi kada a taɓa shi sai ya bushe, sannan a share da burushi mai laushi.

Bushewa da gashi

A busar a inuwa, a lulluɓe da leda kwanakin farko, domin baki yana rigan gindi bushewa, shi ke sa faranti ya karkace. Gashin farko yana kai digiri 950 zuwa 1000 a ma'aunin Salshiyos. A hau a hankali, musamman kafin digiri 200, inda sauran ruwa ke fita ya fasa kaya, da kuma wajen digiri 573, inda yashin cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya. Gashi na biyu, bayan an sa ruwan gilashi, yakan kai 1050 zuwa 1100. In aka ƙara garin tsatsa kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a ruwan gilashin, farin kunu zai fito ruwan zuma.

Magina na da da dalma suke haɗa gilashinsu. Yana da kyan gani, amma guba ne: abu mai tsami yana narkar da dalmar ta shiga abinci, tagulla kuma tana ƙara saurin fitarta. Kayan cin abinci sai gilashi marar dalma. In gilashi ya fito da tsaga-tsaga kamar saƙar gizo, bai dace da jikin ba, ruwa da maiƙo za su riƙa shiga. Wannan na ado ne kawai.

Aiki a zauren haɗin gwiwa

Inda mutane da yawa ke aiki tare, kowane bokiti da murfinsa, da sunansa, da ludayinsa. Ludayin kobalt ɗaya ya isa ya ɓata farin kunun kowa. Kowa ya sa alamarsa a gindin kayansa tun suna ɗanye, a kuma rubuta ranar gini a kan ledar, tunda mai zuwa sau ɗaya a mako zai iya tarar da farantinsa ya wuce lokacin kunu. Ba a share ƙurar yumɓu da tsintsiya, tana lalata huhu a hankali; da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Gutsuren filasta daga mazubi in ya shiga yumɓu yakan tsage jikin kaya bayan gashi. Ruwan wanke hannu kuma a bar shi ya kwanta a bokiti, kada a zuba a magudana ya toshe ta.

Ranar baje koli, a ware na cin abinci daban da na ado, a rubuta a fili. A jingine manyan farantai don zanen ya fuskanci mai kallo, a goge gindin kowane kofi da dutse mai laushi kada ya karce tebur. A ajiye fallayen gwaji kusa da kayan, da faranti ɗaya wanda aka yi wa kunu ba a gasa ba, don mai kallo ya ga launin kafin wuta da bayanta.