Yadda Za Ka Bi Salsalar Kakanka Mai Magani a Birnin Kano

Abu na farko, cire kalmar "boka" daga bakinka. Da ita yawancin masu wannan nema suke rufe wa kansu ƙofa, ni ma ita ta kayar da ni. Na je gaida yayar kakata a Mandawari, muna cikin wasanmu na jika da kaka, tana ta kirana maigida, sai na ce, "Hajiya, wai babanku boka ne?" Ta ɗaure fuska ta ce, "Ɗan nan, gidanmu gidan salla ne," ta jawo carbi. Sai da na shekara ban sake jin komai a bakinta ba. A kunnen tsoffinmu boka mai tsafi ne da hulɗa da iskoki, ba wanda zai yarda a jingina wa ubansa wannan.

Ka kira sana'ar da sunanta: wanzami, maɗori, ungozoma, mai saiwa, malamin rubutun sha. Wanda ya fi wannan ma, ka tambayi ciwo, ka bar mutum ya fito da kansa. Da na koma na ce, "Hajiya, da can in yaro ya karye a unguwar nan, ina ake kai shi?" sai ta yi dariya ta ce, "Zauren gidanmu mana." Ashe maɗori ne, karan ɗorinsa ma ta tuna inda yake ajiyewa.

Fara da mata. Maza sarautar gida suka riƙe, mata kuwa su suka daka garin maganin, su suka san wa ya zo da wane ciwo. Je bayan la'asar da ɗan goro da sabulu, ba sai ka kashe wani abin kirki ba. Kar ka fito da waya don ɗaukar murya a zuwan farko, ni dai haramun nake ɗaukarsa. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba saboda alkunya, don haka rubuta laƙabin da ta ba ka, ka nemi sunan yanka a bakin wani.

Shekara kuwa kar ka tambaya, tambayi sarki. In ta ce zamanin Abbas, tsakanin 1903 da 1919 ke nan. Usman 1919 zuwa 1926. Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953.

Sai kaya. Nemi a buɗe maka tsohuwar adaka. Wanzami yakan bar zabira da asake da ƙaho, malami yakan bar gafaka da kundi. In ka samu kundin ajami, duba ganyen ƙarshe, nan marubuta sukan sa sunansu da na ubansu. Ɗauki hoton kowane ganye a yadda ka tarar da jerinsa, kar ka liƙa masa leda. Kuma kar ka haɗa abin da ka karanta ka sha, wani ganyen maganin sunansa ɗaya da wani. Takardar haraji ma in ta faɗo ka riƙe, mai yiwuwa ta girmi 1979 ko sa'arta ce, shekarar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke harajin.

Daga nan mai unguwa, shi zai nuna maka dattijon da ya rage. In wanzanci ne, nemi gidan Sarkin Aska, sana'ar gado ce kuma sun san junansu. In saiwa ce, zauna da tsoffin masu magani a kasuwar Kurmi. Gidan Ɗan Hausa, wato gidan adana tarihi da ke nan Kano, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ka bar su ƙarshe, kuma kar ka ɓata kuɗin mota sai kana riƙe da cikakken suna da unguwa da zamanin sarki.