Yadda ake haɗa JuiceFS da ma'ajiyar Amazon S3

Ma'ajiyar S3, wurin ajiyar bayanai a intanet da kamfanin Amazon ya fara bayarwa a 2006, tana ɗaukar bayanai komai yawansu, sai dai ba ta aiki irin na faifan kwamfuta. Ba a gyara tsakiyar fayil a cikinta sai an sake loda shi gaba ɗaya, kuma sauya sunan folda yana nufin kwafe duk abin da ke ciki zuwa sabon suna. JuiceFS, manhaja mai buɗaɗɗen tushe da aka saki a 2021, ita ce ke toshe wannan giɓi, domin tana ba sabobi (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa) da yawa damar ganin S3 kamar faifai guda da suke tarayya a kansa. Tana yayyanka kowane fayil zuwa gutsattsarin da ba su wuce MiB 4 (kusan megabait huɗu) ba ta zuba su a S3, sunayen fayilolin da izininsu da wurin kowane gutsure kuwa tana rubuta su a wani rumbun bayanai daban, kamar Redis ko PostgreSQL.

Da farko a buɗe bokiti, wato wurin da ake zuba fayiloli a S3, a yanki ɗaya da sabobin, saboda ana biyan kuɗi a kan bayanan da suka fita daga yankin, kuma nisa yana jawo jinkiri. A ƙirƙiri mabuɗin shiga wanda ikonsa bai wuce wannan bokitin ba. Sannan a kafa rumbun bayanan a inda duk sabobin za su iya kaiwa gare shi.

Bayan haka a gudanar da umarnin `juicefs format` sau ɗaya tak, a ba shi `--storage s3` da adireshin bokitin da mabuɗin shigan da adireshin rumbun bayanan da sunan da za a sa wa faifan tarayyar. A kowace saba kuma sai a yi `juicefs mount` don haɗa faifan da folda irin `/mnt/jfs`. Yana da kyau a nuna wa `--cache-dir` faifan SSD, don kada a riƙa sauko da fayil ɗaya daga S3 duk lokacin da aka buƙace shi. Umarnin `juicefs bench` zai nuna saurin karatu da rubutu kafin a ɗora aiki na gaske.

Inda ya fi buƙatar kulawa shi ne rumbun bayanan. Wanda ya leƙa bokitin ba zai ga fayil ko ɗaya da sunansa ba, sai tarin gutsattsari masu lambobi, kuma idan rumbun ya salwanta babu kwafi, waɗannan gutsattsarin ba su da sauran amfani. Saboda haka mai amfani da Redis ya saita `maxmemory-policy` a kan `noeviction`, domin kada Redis ya zubar da bayanai idan wuri ya cika, ya kuma kunna ajiyar AOF, wadda ke rubuta kowane sauyi a faifai, don kada bayanan su ɓace idan Redis ya mutu ya sake tashi. A ganina, ga bayanan da rasa su asara ce babba, PostgreSQL ya fi kwanciyar hankali, ko da yake bai kai Redis sauri ba. Haka nan a yi hattara da `--writeback`, wanda ke riƙe rubutu a faifan saba kafin ya isa S3, domin idan faifan ya mutu a wannan tsakani, abin da aka rubuta ya tafi.

JuiceFS tana ajiye kwafin bayanan rumbun a cikin bokitin kowace awa, amma ya kamata a riƙa fitar da wani da `juicefs dump` a adana shi a wani wuri dabam, sannan lokaci zuwa lokaci a gwada mayar da shi cikin rumbun da babu komai a ciki da `juicefs load`, a tabbatar fayilolin suna buɗewa.